Daga ɗakin jinya: Kafin ki juye ruwan nan a tanki



Kwanakin baya wata uwa ta kawo mana yaronta ɗan shekara biyu, gudawa ta galabaitar da shi har idanu sun faɗa. Da na tambaye ta wane ruwa suke sha, sai ta ce, "Malama, ruwan burtsatse ne tsantsa, saye muke yi." Gaskiya ta faɗa. Amma da hira ta yi nisa, sai na gano tankin gidan ya kusa shekara ba a wanke shi ba. Kullum sabon ruwa ake ɗorawa a kan tsoho.

Mu da muke Talata Mafara, Bakura da Maradun mun san wannan rayuwa. Ga madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato tun 1978, ga magudanan noman rani sun ratsa gonakinmu, amma gidaje da yawa ba su da famfo. Mai kura ne zai kawo jarkoki, ko yara su ɗebo, a juye a tanki ko duro ko randa. To, 'yar'uwa, sau da yawa ruwan yakan baro rijiya da tsabtarsa, a hanya da wajen juyewa ne cuta ke shiga.

Ki fara da mazubin. Idan ruwa ya yi ƙasa, kada ki yi saurin kiran mai ruwa. Ki kwashe ragowar ki yi wanki ko shara da shi, ki shafa cikin tankin da hannu. Santsin da za ki ji, can ne ƙwayoyin cuta ke zama, kuma yana cinye ƙarfin maganin ruwa. A goge shi da burushi da sabulu, a ɗauraye sosai. Randa da duro duk mako, babban tanki ko da sau ɗaya ne a wata uku.

Sai jarka. Ki buɗe ki shinshina, ki leƙa cikinta. In ta yi kore, a wanke ta da tsakuwa da sabulu. Wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki kuwa, wanki ba ya raba ta da dafi, kuma a yankinmu na manoman shinkafa irinta ba ta wuyar samu. Kada kunya ta hana ki tambayar mai kura inda ya ɗebo. Kuɗinki ne, kuma cikin 'ya'yanki ne.

Wajen juyewa, ki tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25 nauyin yaro ɗan firamare ce, kuma tanki mai lita 500 sai ya ci irinta 20. Mai juna biyu ko mai jego ba ta da dalilin hawa kujera da wannan kaya. Ga dabara: a ɗora jarkar a wurin da ya fi bakin duron tudu, ki cika ɗan tiyo mai tsabta da ruwa, ki toshe bakunansa biyu da yatsa, ki tsoma ɗaya a jarka, ki saki ɗayan a duro. Ruwan zai gangara da kansa. Kada a zuƙo da baki, kada kuma a bar tiyon a ƙasa inda kaji ke kiwo. Idan da mazurari ake zubawa, a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kai.

In dole ta sa an ɗebo daga kogi ko magudanar noman rani, ki bar shi ya kwanta tukuna. Alif ko garin ƙwayar zogale na taimakawa, amma laka kawai suke kwantarwa, ba sa kashe cuta. Irin wannan ruwa na iya ɗauke da tsutsar tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda ke shiga ta fata. In ya kwana biyu a rufe, tsutsar ta mutu, ana iya wanka da shi. Sha kuwa sai an tafasa ko an sa magani.

Maganin ruwa irin su WaterGuard da Aquatabs, ki bi ma'aunin da aka rubuta a jiki, ki lissafa da yawan jarkokin da aka zuba. Ki motsa, ki rufe, ki jira minti 30. Ɗan warin da za ki ji alama ce yana aiki. Daga nan a ware moɗa guda mai dogon mariƙi, a rataye ta, kada kowa ya tsoma kofinsa.

Idan duk da haka yaro ya fara gudawa, ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ki ci gaba da ba shi nono. In ga amai, ko ya ƙi shan komai, ko gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ki garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Yaron nan ya warke, alhamdulillahi, kuma mahaifiyarsa ta ce ranar da aka sallame su aka wanke tankin. Ke fa, yaushe rabon naki da wanki? Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.