Ra'ayinmu: Taswirar Gayya da Waɗanda Aka Manta

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan fitowa muna so mu jawo hankalinku zuwa ga wani fanni na ilmi wanda da yawa daga cikinmu suka ɗauka na 'yan sashen labarin ƙasa ne su kaɗai, watau sha'anin taswira. Dalilinmu kuwa shi ne, a zamanin nan duk hukumar da za ta haƙa rijiya, ko ta gina asibiti, ko ta tura ma'aikatan rigakafi, galibi sai ta dubi taswira tukuna. Garin da babu shi a kanta, ko da mutanensa sun kai dubu, to a idon mai rabon arzikin ƙasa daji ne kawai. Saboda haka maganar wanda ke zana taswira da wanda ake mantawa a cikinta magana ce ta haƙƙi, ta shafi ɗalibin shari'a da na likitanci da na harsuna kamar yadda ta shafi ɗalibin safiyo.

Da can, zanen taswira aikin gwamnati ne da na soja. Hukumar safiyo ta Biritaniya, wadda ake kira Ordnance Survey, an kafa ta tun 1791, kuma daga aikin soja ta samo asali. A cikin shekarun 1960 Roger Tomlinson ya jagoranci shigar da bayanan filayen ƙasar Kanada cikin kwamfuta, a 1992 kuma shehun malami Michael Goodchild na Jami'ar Kalifoniya ya kafa hujja cewa wannan aiki ya isa a kira shi fannin ilmi mai zaman kansa, watau ilmin bayanan ƙasa. Ana nan sai a 2004 wani saurayi Bature ɗan Ingila, Steve Coast, ya ga taswirorin hukuma sun yi tsada, ga kuma ƙa'idodi masu tsauri ga mai son amfani da su, sai ya buɗe OpenStreetMap a intanet. Ita wannan taswira kowa yana iya ƙara mata hanya ko gida ko kasuwa, kowa kuma yana iya ɗauka kyauta. A 2007 Goodchild ya raɗa wa irin wannan aiki suna, ya kira shi bayanan ƙasa na 'yan sa kai. Mu dai a nan za mu kira shi taswirar gayya, domin kuwa bai da maraba da yadda samarin ƙauye ke haɗuwa su nome gonar mutum ɗaya ba tare da lada ba.

To, da wannan abu ya fito, sai ma'aikatan safiyo da yawa suka yi masa kallon wasan yara. Ina wanda bai san awon ƙasa ba zai zana abin da za a dogara da shi? A nan ne aikin Muki Haklay ya shigo, wani shehun malamin ilmin bayanan ƙasa a Kwalejin Jami'a ta Landan. Maimakon a yi ta gardamar baki, sai ya ɗauko taswirar 'yan gayya ta ƙasar Ingila ya aza ta a kan ta hukumar safiyo, ya auna su hanya da hanya. Sakamakon da ya wallafa a 2010 ya nuna cewa, a bisa matsakaicin lissafi, bambancin da ke tsakaninsu bai wuce kamar mita 6 ba, a manyan titunan mota kuwa sun dace da juna da kimanin kashi 80 cikin ɗari. Ya kuma gano cewa cikin shekara huɗu kacal 'yan sa kai sun zana kusan kashi 29 cikin ɗari na faɗin Ingila. A wani binciken da ya yi da abokan aikinsa a wannan shekara, sun tabbatar da cewa gwargwadon yawan mutanen da suka sa hannu a yanki ɗaya, gwargwadon ingancin taswirarsa, tun da wanda ya zo daga baya yakan gyara kuskuren na gaba.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a binciken nasa wani abu ne daban. Da ya gwada unguwannin masu hali da na talakawa, sai ya tarar 'yan gayya sun fi kyautata zanen unguwannin masu hali, na matalauta kuwa an bar su da giɓi. Dalilin a fili yake. Mai zanen taswira don sha'awa mutum ne mai na'ura, mai ilmin boko, mai sararin lokaci, kuma inda yake zaune da inda yake yawo nan yake zanawa. In har haka ta faru a Ingila, ƙasar da ke da wadata, to ina ga ƙasashenmu? Shi ya sa a 2013 Haklay ya gargaɗi masu cika baki cewa sabuwar fasaha ta mayar da taswira hannun talaka. Buɗe ƙofa kaɗai ba ya shigar da wanda ba shi da halin zuwa bakinta.

Ba muna raina abin da taswirar gayya ta yi ba ne. Sa'ad da girgizar ƙasa ta rushe babban birnin Haiti ran 12 ga Janairu 2010, ɗaruruwan 'yan sa kai daga ƙasashe dabam-dabam suka duƙufa kan hotunan tauraron ɗan Adam, cikin 'yan makonni suka zana titunan birnin da sansanonin waɗanda suka rasa muhalli, masu agaji suka yi aiki da ita. A Kibera, wata babbar unguwar marasa galihu a Nairobi, samarin wurin da 'yan matansu ne suka tashi a 2009 suka zana famfunansu da makarantunsu da ɗakunan shan magani, alhali kafin nan wurin kusan fili ne a taswirorin da jama'a ke iya samu. A 2014 kuma ƙungiyoyin agaji, ciki har da Red Cross da ƙungiyar likitocin nan ta MSF, suka buɗe shirin Missing Maps don zana yankunan da ke cikin haɗari tun kafin masifa ta auku. Sai dai wanda ke zaune a Turai yana duban hoto daga sama rufin ɗaki kawai yake gani. Bai san sunan ƙauyen ba, bai san wace rijiya ke ƙafewa da rani ba, bai san wace hanya ruwa ke yankewa da damina ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ganin haka ne Haklay ya kasa shigar jama'a cikin bincike zuwa mataki huɗu. A na farko mutum ɗan aike ne kawai, yana tattaro bayani ya miƙa. A na biyu yana taimakawa wajen fassara abin da aka tara. A na uku yana da baki wajen zaɓen matsalar da za a bincika. A na huɗu kuwa, shi da masanin suna zama tare tun daga zaɓen tambaya har zuwa nazarin sakamako. Don ya nuna cewa wannan mataki na ƙarshe ba mafarki ba ne, sai shi da Jerome Lewis, masanin al'adun al'umma, suka kafa wani rukunin bincike a 2011. Suka yi aiki da Mbendjele, mafarautan dajin Kongo Barazabil, waɗanda yawancinsu ba su karatu ba su rubutu. Aka ƙera musu manhajar waya mai hotuna zalla, aka sa mata suna Sapelli, sunan wata itaciya da kamfanonin katako ke sarewa, wadda kuma a kanta ake samun tsutsar da su Mbendjele ke ci. Da ita mafarauci ke sa alama a kan bishiyar da ba ya so a taɓa, ko wurin da aka yi musu ɓarna, bayan an zauna da jama'a an nemi yardarsu an kuma amince da wanda zai ga bayanin.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A 2012 Nijeriya ce ke da 122 daga cikin mutum 223 da cutar shan-inna ta kama a duniya duka, kuma kusan dukkansu a Arewa. Ɗaya daga cikin matsalolin da aka gano ita ce, taswirorin hannu da ma'aikatan rigakafi ke bi sun tsallake ƙauyuka da rugage da yawa. Sai da aka haɗa hotunan tauraron ɗan Adam da mutanen gida masu bin gari gari suna rubuta sunaye, aka kuma ba ma'aikata wayoyi masu nuna inda suka taka, sa'an nan aka isa ga yaran da aka daɗe ana tsallakewa. Lalle ba taswira kaɗai ta yi aikin ba, amma tana cikin abubuwan da suka kai mu ga ran 25 ga Agusta 2020, ranar da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Daɗin daɗawa, sanin ƙasa ba baƙonmu ba ne. Da Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, daga wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sami taswirar ƙasashen nan da kogin Kwara, aka buga ta a Landan a 1826. Abin kunya ne jikokin waɗanda Bature ya tambaya hanya su zauna suna jiran wani ya zana musu unguwarsu.

Tare da haka wajibi ne mu yi hattara. Taswirar da ke kai mai rigakafi ruga tana iya kai ɓarawon shanu, wadda ke nuna burtali da makiyaya tana iya zama jagora ga mai ƙwacen fili. Akwai kuma maganar gumin 'yan sa kai, wanda manyan kamfanoni ke ɗauka kyauta su yi kasuwanci da shi. Darasin da muka ɗauka daga aikin Haklay shi ne, a tambayi masu wuri tukuna, su faɗi abin da za a zana da abin da za a sakaya.

Saboda haka muna kira da abu uku. Na farko, ɗaliban labarin ƙasa da na safiyo da na kwamfuta su haɗa kai su koya wa sauranmu wannan aiki, tun da waya da intanet sun isa a fara. Na biyu, kowane ɗalibi in ya koma gida hutu ya duba ko garinsu na kan taswira, in yana nan ya duba ko an rubuta sunansa daidai, da ƙugiyoyin haruffansa, ya kuma nemi izinin mai unguwa da dattawa kafin ya sa alama a kan rijiya ko makaranta ko maƙabarta. Na uku, muna roƙon malamanmu da hukumar jami'a su karɓi irin wannan aiki a matsayin bincike na sosai, su bar ɗalibi ya rubuta kundinsa na shekarar ƙarshe a kansa, su kuma auna ingancinsa kamar yadda aka auna na Ingila. Talakawan da harajinsu ya gina ɗakunan da muke karatu a ciki suna binmu bashi, kuma sa sunan garinsu a inda hukuma za ta gan shi yana daga cikin mafi sauƙin abin da za mu iya biya da shi.