Ƙwayar Cutar Jamus: Ilimi Ya Yi Sauri, Hukunci Ya Yi Gaggawa

A watan Mayun 2011 wata annoba ta ɓarke a arewacin Jamus, musamman birnin Hambag. Mutane suka yi ta gudawa da jini. Kafin ta lafa a watan Yuli, fiye da mutum 3,800 sun kamu, cutar ta taɓa ƙodar fiye da 800, sama da 50 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Sanadin wata irin ƙwayar E. coli ce da ake kira O104:H4.

Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da kundin gadonta, wanda ke bayyana halinta da danginta. A da, karanta shi kan ci shekaru. Amma a wannan karo masana a cibiyar BGI ta ƙasar Sin sun karanta shi cikin 'yan kwanaki, suka baza sakamakon kyauta ga masanan duniya. Nan aka gane cewa ƙwayar ruwa biyu ce: asalinta mai manne wa hanji ce, sai ta samo dafin Shiga mai lalata ƙoda. Shi ya sa ta yi muni haka.

To, amma kundin ya faɗi ko wace ce, bai faɗi ta inda ta shigo ba. Tun kafin a kammala bincike, hukumomin Hambag suka ɗora laifin a kan kokwambar Sifen. Kasuwa ta faɗi warwas, aka zubar da amfanin gona, har Tarayyar Turai ta ware fiye da Yuro miliyan 200 don diyya. Ashe kokwamba ba ta da laifi. Sai da aka bi majinyata ana tambayarsu abin da suka ci, aka gano ɗanyen tsiron hulba ne daga wata gona a Jamus. Hukumomin Turai suka danganta irin da Masar, ko da yake Masar ta musanta.

Yau wannan fasaha ta zama ruwan dare. Tun 2019 da ita Amurka ke bin sawun irin waɗannan cututtuka. Amma jama'a, na'ura ba ta maye gurbin haƙuri da bin diddigi. Duk hukumar da ta yi gaggawar nuna yatsa, talakan manomi take jefawa cikin asara, cuta kuwa ta ci gaba da cin mutane. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.