Ƙarfen Ɗori Ba Ya Jiran Mai Jinkiri

'Yan'uwa mazauna Kurmi, duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Igbobi a Ikko ya ga yadda haɗarin babur da na mota ke kwantar da mutanenmu. Da yawa ƙarfe ake sa musu a ƙafa don ƙashi ya kama. To, shi ƙarfen nan jini ba ya gudana a cikinsa, don haka ba ya iya kare kansa. Ƙwayoyin cuta in suka riga tsoka isa gare shi sai su manne, su lulluɓe kansu da wani yauƙi wanda allura da ƙwayar magani ba sa ratsawa sosai. Daga nan sai mugunya, sai a sake fiɗa a cire ƙarfen, wani ma har ƙafar ta tafi.

Tun 1970 wani likita a Hamburg ta ƙasar Jamus, Buchholz, ya fara cuɗa maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin simintin da ake liƙa ƙugun ƙarfe da shi. Yanzu akwai ƙusar ƙwauri da ake shafe ta da maganin gentamicin, akwai ƙarfe mai rufin azurfa, a Japan kuma sun gwada aidin. Ba kowace dabara ce ta yi kyau ba: a 2000 an janye wani murfin zuciya mai rufin azurfa, Silzone, saboda yana yoyo ta gefen ɗinki.

A ganina ya kamata Gwamnatin Tarayya ta samo wa asibitocin Igbobi da Dala da Inugu irin wanda aka tabbatar da ingancinsa, a fara da wanda ƙashinsa ya huda fata ya fito, don shi ne ya fi shiga haɗari. Tsada gare shi, gaskiya ne, amma fiɗa biyu ta fi tsada.

Sai dai mu ma da namu laifin. Mutum ya karye da rauni a buɗe, maimakon a kai shi asibiti ran nan a wanke, sai a ɗora shi a tirela kwana biyu zuwa gida wajen mai ɗori, ana ɗura masa kafso na kemis. Ranar da ya dawo hannun likita cuta ta riga ta shiga ɓargo, shafen azurfa ba abin da zai yi masa. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Ibadan su kafa asusun gaggawa, don rashin kuɗin ajiya a asibiti ne ke sa yawancinmu hawa tirelar nan.