Fagen Wasanni: Tunawa da Mighty Jets

Jama'a, ran nan a Mararaban Rido na tarar da samari suna ƙwallo, kowace ƙabila da nata gefen. Nan take na tuno Mighty Jets ta Jos, wadda Alhaji Isiyaku Ibrahim ya kafa cikin 1970, shekarar da aka gama yaƙin basasa.

Ga Isma'ila Mabo, ga Layiwola Olagbemiro Bayarabe, ga Sam Garba Okoye da 'yan gidan Atuegbu, 'yan ƙabilar Ibo, duk cikin riga ɗaya, tun ƙwallo bai zama sana'a ba. Su ne suka fara lashe gasar ƙungiyoyin ƙasa cikin 1972.

Kofin Ƙalubale kam ya ƙi su. Bendel Insurance ta hana su a Ibadan cikin 1972, Rangers ta Enugu kuma cikin 1974.