Uwargida, Ke Ma Ki Je Ki Ga Teku

Kowace shekara in watan Yuli ya kama, makarantu su kan ba da dogon hutu. Yara su ajiye littattafai, malamai su ajiye alli, maigida ma in ma'aikaci ne ya kan ɗauki hutunsa na shekara. Mutum ɗaya ce ba ta da hutu a gidan, ke ce uwargida. Hasali ma aikinki ƙaruwa ya ke yi, domin yaran da ke wuni a makaranta yanzu a gindin murhu su ke wuni. Shi ya sa yau mu ke so mu yi magana a kan abin da wasu za su ce ba namu ba ne, watau zuwa hutu a tsibiri.

Mun san abin da za ki ce. Turawa ne ke tururuwa zuwa tsibirai neman rana, don sun yi wata da watanni cikin sanyi da hazo. Mu kuwa rana ta ishe mu, wa zai biya kuɗin jirgi ya je neman abin da ya ke gudu a watan Afrilu? Wannan gaskiya ne. Amma dalilanmu daban su ke da nasu.

Na farko, tsibiri ruwa ne ya kewaye shi, kuma amfaninsa ke nan. In kika ce za ki huta a gida, kafin azahar an aiko ana biki, gobe suna, jibi gaisuwa. In kika tafi wajen dangi, kwana biyu a ke miki baƙunta, rana ta uku kin ɗaura zane kin shiga madafa. Sai teku ta shiga tsakaninki da waɗannan hidimomi sa'an nan jiki zai san ya huta. Jiki magayi. Macen da ta shekara 20 ba ta kwana bakwai a jere ba tare da ta hura wuta ba, ciwon baya da yawan faɗa ba za su rasa ta ba, kuma gidan duka ne zai ji a jika.

Wane tsibiri? Ba sai an bar Afirka ba. Ga Zanzibar can a Tekun Indiya, cikin ƙasar Tanzaniya, wadda aka kafa a 1964 da Zanzibar ta haɗe da Tanganyika. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, kuma daga birnin Darussalam zuwa Unguja tafiyar kamar awa 2 ce a jirgin ruwa mai sauri. Abin da ya sa ta dace da mu shi ne lokaci. Ruwan samansu mai yawa daga Maris zuwa Mayu ya ke sauka. Daga Yuni zuwa Oktoba kuwa gari a bushe ya ke, ga rana, ga iska mai daɗi daga teku, ba safai zafi ke wuce digiri 30 ba. Watau sa'ad da mu ke fama da taɓo da sauro a tsakiyar damina, su lokacinsu ne mafi daɗi, kuma ya zo daidai da hutun yara.

Na biyu, ba za ki ji ke bare ce ba. Galibin mutanen Zanzibar Musulmi ne, saboda haka babu fargaba a kan nama ko wurin salla. Matansu su na rufe jiki, su na ɗaura wani zane mai suna kanga wanda a ke rubuta karin magana a gefensa, har mace ta kan yi wa kishiya habaici da shi ba ta buɗe baki ba. Harshensu Suwahili ya ari kalmomi daga Larabci kamar yadda Hausa ta yi. In aka ce miki habari, labari a ke tambaya, sabuni sabulu ne, asubuhi kuma safiya.

Na uku, tafiya mabuɗin ilmi. Kanumfarin da ki ke jefawa a kunun zaƙi da shayi, kin taɓa ganin itacensa? A gonakin Zanzibar za a nuna miki cewa tohon fure ne da a ke tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya a tabarma har ya yi duhu. Za ki ga kirfa ɓawon itace ce, masoro kuma yaɗo ya ke yi a jikin bishiya. Cinikin kanumfari da hauren giwa da bayi ne ya sa Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mai da fadarsa Zanzibar wajen 1840. Ku kai yara tsohon birni, wanda Unesco ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, su ga lunguna da ƙofofin katako masu sassaƙa. Ku kai su inda kasuwar bayi ta ke kafin a rufe ta a 1873, su ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, su san abin da ɗan Adam ya yi wa ɗan'uwansa saboda kuɗi. A ƙauyen Kizimkazi akwai masallaci mai ɗauke da rubutun shekarar 1107. Yaron da ya ga waɗannan da idonsa ba zai manta ba, gani ya kori ji.

Na huɗu, ki ga yadda 'yan'uwanki mata ke neman na kansu. A ƙauyukan gabas irin su Paje da Jambiani, in ruwan teku ya janye za ki ga mata sun shiga har gwiwa su na ɗaura ciyawar teku a igiyoyi. Bayan 'yan makonni su kwashe, su shanya, su sayar, wasu kuma su yi sabulu da ita. Da wannan sana'a da dama daga cikinsu ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Sai dai a yi shiri. A nemi biza tun da sauran lokaci, a riƙe katin rigakafin shawara, a tafi da maganin sauro. A bincika masauki kafin a biya, domin wasu otal na bakin teku na masu giya da shigar banza ne, wasu kuwa na iyali. Kada a bar yaro shi kaɗai a bakin ruwa, don tekun da ta janye da safe za ta dawo. Kada kuma a shiga jirgin ruwan da aka cika maƙil, domin lodi fiye da ƙima ne ya nutsar da wani tsakanin Unguja da Pemba a 2011, aka rasa ɗaruruwan rayuka.

Saura maganar kuɗi. Tafiyar akwai tsada, kuma ba mu ce kowa ya ci bashi ba. Wanda abincin gida ke gagara, wannan ba tasa ba ce tukuna. Amma ke da Allah Ya hore wa, zauna ki lissafa abin da ki ka kashe bara a kan anko da gudummawar bukukuwa da kayan ɗakin da ba a taɓa amfani da su ba. Adashen shekara biyu, in maigida ya kama, zai iya kai ku. Ku kuma mazaje, ku da ku ka zaga duniya da sunan taro da kwas, ku ka dawo da hotuna da tsaraba, lokaci ya yi da wadda ta tsare muku gida za ta je ta gani da idonta.

Allah Ya hore mana, Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.