A bar mata su ɓata tukunya

Daren wata Laraba, bayan girbin bara, na tuƙa tuwon da ba wanda ya iya cinye shi a gidana. Garin hatsi na haɗa da garin wake, rabi da rabi, ban surfe waken ba, ban soya shi ba. Tuwon ya fito da gafi, ga shi ya ƙi kama jikinsa. Maigida ya kai loma ɗaya, ya wanke hannu, ya ce, "Madam, gidan nan fa ba lakwal ba ne da za ki riƙa gwaji da mu." Ya saɓa riga ya tafi fada shan shayi. Inna, surukata, ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Ke 'yar nan, tuwo ba a yi masa boko."

Na ji zafin maganar, amma ban daina ba. Yau kuma ina so in yi faɗa da wannan magana a fili, domin ba a gidana kaɗai ake yin ta ba. Daga nan Gidan Rumji har Tibiri da Cadakwari, duk macen da ta taɓa tukunyar dare da wani sabon abu, da ita ake kwana a baki.

Shekaruna da yawa ina koyarwa a firamare. Na san yaron da ya kwana da tuwon hatsi da miyar kuka tsurarta, ya tashi da ɗumamensa, ya wuni da farau-farau. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya kansa na kan tebur. Cikinsa ba fanko yake ba, amma abin da ke ciki kusan iri ɗaya ne daga Asabar zuwa Juma'a. Jiharmu ta Maraɗi ce duniya ta zubo wa ido a 2005, lokacin da cibiyoyin jinyar tamowa suka cika da yara, kuma har yau kowace damina iyaye mata na layi a asibiti suna karɓar ɗan ƙunshin gyaɗar nan. Abin takaici, mu ne masu noman wake. Nijar na sahun gaba a duniya wajen nomansa, bayan Najeriya. Da an sheƙe, sai a loda buhuna a mota su tsallaka iyaka, mu kuma mu koma ga kuka. Da can muna da hujja: ƙwari na cinye wake cikin 'yan watanni, gara a sayar. Yanzu ga buhu mai ninki uku da ake kira PICS, wanda ke toshe iska ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Hujjar ta faɗi, ɗabi'ar ta tsaya.

Hatsi da wake kuwa kamar miji da mata suke. Abin gina jiki da ya yi ƙaranci a hatsi, wake na da shi. Wanda wake ya gaza, hatsi na cikewa. Kakanninmu da suka shuka su a gona ɗaya ba su san sunan sinadarin ba, amma ba su yi kuskure ba. Ni tukunya ɗaya kawai na so in haɗa su.

Bayan sati biyu na sake. Na jiƙa waken, na surfe, na shanya, na ɗan soya shi sama-sama a busasshiyar tukunya har ya fara ƙamshi, sannan aka niƙa. Gwangwani ɗaya na wake cikin huɗu na hatsi. Ban gaya wa kowa ba. Maigida ya cinye, ya nemi ƙari. Sai da ya sha ruwa na faɗa masa, ya ce shi dama ya ji wani abu. Allah Ya ba mu haƙuri da maza.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Na ga wata mai girki a waya tana yin taliya da madara da cukwi irin na kanti, na kashe jika biyu na kwaikwaya, abin ya dunƙule kamar gumba, ko autana bai ci ba. Na zuba garin busasshen kifi a dambu ya yi yawa, ƙarni ya kori kowa. Tuwon kabewa ya zama kunu. Amma miyar zogale da daka-gyaɗa ta zauna a gidan daram, haka miyar wake da yakuwa, wadda tsaminta ke taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini. Cikin gwaji shida, uku sun shiga gidana sun zauna. Wane manomi ne ke samun rabin sabon irin da ya gwada ya yi kyau, har ya ce an yi asara?

Masu cewa a bar tuwo yadda kaka ta bari, ina da tambaya gare su. Wace kakar? Masarar da kuke tuwo da ita, da rogo, da tumatir, da barkono, har gyaɗar da ta yi wa Maraɗi suna tun zamanin Turawa, dukansu daga nahiyar Amurka suka zo. Wata rana, wata mata ce ta fara jefa su a tukunya, kuma na tabbata an yi mata dariya. Dunƙulen Maggi da ba ku yarda a yi miya ba shi, kaka ba ta san shi ba, daddawar batso ta sani. Shayin da kuke kwana kuna kurɓa ma baƙo ne. Kun karɓi duk baƙon da ya yi wa harshenku daɗi, sai wanda zai gina jikin ɗanku kuke kira bidi'a.

Akwai magana ɗaya da Inna ta yi mini wadda ba zan musa ba. Ta ce ni mai albashi ce, in na ɓata tiya guda gobe in auno wata. Matar da ke ƙirga tiyoyin rumbu kafin damina, in ta ɓata, yara sun kwana da yunwa. Gaskiya ce. Amsarta ita ce a gwada a ƙaramar tukunya gefen babba, ludayi biyu, ba a hana gwajin ba. Kuma wannan ya sa nauyin ya fi hawa kanmu, mu da ke iya ɗaukar asarar dare ɗaya. Mu ɓata, mu gyara, mu kai wa maƙwabciya abin da ya riga ya yi.

Mu malamai ma ba mu fita ba. Muna zana rukunan abinci uku a allo, masu ba da ƙarfi, masu gina jiki, masu kare lafiya, yara su haddace, su ci maki, mu koma gida mu ci abin da muka ci jiya. Masu ayyukan raya karkara su zo da mai da sukarinsu su dafa kunu a ƙarƙashin inuwa, a tafa musu, mota ta tashi, kunun ya bi ta. Abin da ba a dafa shi da kayan da ke cikin rumbunmu da kasuwarmu ba, ba ya kwana biyu a gari. Tun 2018 aka fitar da irin hatsin Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe a ƙasar nan. Iyaye nawa muka taɓa yi wa zancensa a taron makaranta?

Ku kuma iyaye maza, abu biyu nake nema. Ku bar buhu ɗaya na wake a gida, kada ya ga mota. In kuma an kawo muku kwano kuka ji baƙon ɗanɗano, ku faɗi abin da ya yi yawa ko ya gaza, gishiri ne ko tsami, maimakon ku wanke hannu ku tafi wajen mai tsire ku bar yara da abin da kuka raina.

Jibi zan sake gwada tuwon kabewar nan, da ƙarancin ruwa. Inna ta ce in dafa kabewar daban in tsane ta tukuna, kuma ta ce in kira ta in na ɗora.