Idan Na'ura Ta Koyi Bin Sawun Alƙalami

Duk wanda ya daɗe yana duba takardun ɗalibai ya san rubutu yana da sawu. A cire suna, a cire lamba, malami zai karanta sakin layi biyu ya ce wannan aikin wane ne. Malaman hadisi sun riga mu sanin haka tun ƙarnoni da suka shige, domin raunin lafazi yana cikin alamomin da suke gane ƙirƙirarren hadisi da su. Abin da ya sauya a yau shi ne an koya wa kwamfuta wannan bin sawu, ita kuwa ba ta gajiya, kuma ba ta jin kunyar kowa.

Yadda take aikin ba shi da sarƙaƙiya. Manhajar ba ta damu da manyan kalmomin da marubuci ke taƙama da su ba. Ƙananan take ƙirgawa, waɗanda hannu ke zubawa ba da shawarar mai shi ba: sau nawa ya ce "dai", sau nawa "kuma", ina yake ajiye waƙafi, yaya tsawon jimlolinsa. A Hausa ma abin ya fi sauƙin bayyana, saboda kowa da irin tasa ƙa'idar rubutu. Wani "su ka" yake rubutawa, wani "suka". Wani ba ya raba "a kan" da "akan". Wani yana sa wa ƙ da ɗ lanƙwasa, wani bai taɓa ba. Ga karin harshe: Basakkwace ba ya ɓuya, haka Bagudduren da ke maƙwabtaka da Gwaram. A tara waɗannan, a auna su da rubutun da mutum ya taɓa yi da sunansa, sai na'ura ta jero waɗanda suka fi kama da mai ɓoyayyen rubutun.

A 1964 wasu masana lissafi biyu a Amurka, Mosteller da Wallace, suka bi wannan hanya suka danganta wasu maƙaloli 12 na siyasa da aka daɗe ana jayayya a kansu ga James Madison. A 2013 aka yi amfani da ita wajen ƙarfafa zaton cewa Robert Galbraith, wanda ya fito da wani littafin bincike, J.K. Rowling ce. Waɗannan duk sha'anin adabi ne, ba wanda ya kwana a bayan kanta. Inda hankalina ya tsaya shi ne binciken da masana daga jami'o'in Stanford da Berkeley suka fitar a 2012: cikin marubutan intanet 100,000, manhajarsu ta nuna ainihin marubuci a zaton farko a fiye da kashi 20 cikin ɗari na gwaje-gwajen. A 2022 kuma hukumar IARPA, wadda ke gudanar da bincike domin hukumomin leƙen asirin Amurka, ta ƙaddamar da shiri mai suna HIATUS don gano marubuci ta salonsa a harsuna daban-daban. Kayan leƙen asiri kuwa ba sa zama a gidan da aka ƙera su; sukan shiga kasuwa, gwamnatoci su saya.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Kangire da wannan. To, shi ne ya fi kowa shiga haɗari. Wahalar na'ura tana cikin yawan waɗanda ake zargi. A mazaɓa guda ta ƙaramar hukumar Birnin Kudu, mutum nawa ne ke iya zama su rubuta doguwar takardar koke da tsaftatacciyar Hausa a kan takin da aka karkatar, ko ajin da aka karɓi kuɗin gyaransa ba a gyara ba? Malaman firamare ne, da ma'aikatan asibitin karkara, da 'yan ɗaliban da suka dawo hutu. Kusan dukkansu albashinsu ko na iyayensu yana hannun wanda suke kokawa da shi, kuma dukkansu suna da shafin Facebook da suka shekara suna rubutu da sunansu. Samfurin da za a auna su da shi, su da kansu suka tara shi.

Mun kuma san abin da kan biyo baya idan an gano mutum. A watan Nuwamba na 2022 jami'an tsaro suka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse suka kai shi Abuja saboda jimla guda da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. Ya kwana a gidan yarin Suleja kafin a janye ƙarar a farkon Disamba, bayan ƙasa ta ɗauki zafi. Ba salon rubutu aka bi aka same shi ba, amma lamarinsa ya nuna abin da masu iko ke yi da suna idan ya shigo hannunsu. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi, an rage masa kaifi a 2024, ba a soke shi ba. Tun Disambar 2020 aka fara ɗaure layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ƙofar da ta rage wa mai tsoro ita ce takarda marar sa hannu, ita ce kuma wannan manhaja ta zo rufewa.

Ba na musun cewa ɓoye suna mafaka ce ta maƙaryata da masu ɓata mutuncin bayin Allah, da masu aika wasiƙar barazana. Idan kotu ta ba da izini a bi sawun mai neman kuɗin fansa, ba ni da ja. Sai dai na'urar zato take bayarwa, ba yaƙini ba. Yaran da malami ɗaya ya koyar sukan ɗauki salonsa. Abokan hira sukan ari kalmomin juna. Mugu ma yana iya kwaikwayon salon wani don ya jefa shi cikin rijiya. Ga Hausa ba ta da tarin rubutun da aka horar da irin waɗannan manhajoji da shi kamar Ingilishi, don haka kuskurenta zai fi yawa. Jami'in da aka miƙa wa takarda mai cewa "kashi 80" ba zai tsaya tambayar kashi 20 ɗin da suka rage ba. Zai tura mota.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya tsare sirrin wasiƙun ɗan ƙasa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta kafa hukumar da ke sa ido a kan yadda ake sarrafa bayanan mutane. Ya kamata wannan hukuma ta fito fili ta ce auna salon rubutun mutum don gano shi sarrafa bayanansa ne, kuma ba a yin sa sai da hujjar doka. Shirin tona asirin ɓarayin gwamnati da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da shi a Disambar 2016 ya yi wa mai tonawa alkawarin lada, amma manufa ce kawai, ba doka ba. Wakilanmu na Birnin Kudu da Gwaram a Majalisar Tarayya suna da damar neman a mayar da shi doka, a kuma sa sashen da zai haramta wa shugaban ma'aikata binciko wanda ya rubuta koke a kansa, da manhaja ko da kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya a ce kowa ya rubuta shafi guda a gani.